Yadda Ake Tantance Binciken Halayyar Ɗalibai Kafin a Yarda da Shi

Idan lokacin rubuta kundin kammala karatu ya zo, ɗalibai da yawa a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari sukan tara takardun bincike, su karanta taƙaitawar da ke farkon kowace, su kwashi sakamakon su wuce. Wannan ɗabi'a tana damuna ƙwarai, domin a garin da malamai ba sa karɓar hadisi sai sun bi isnadinsa mutum bayan mutum, bai dace a karɓi maganar mai bincike don kawai mujalla ta buga ta ba.

Ka fara da sashen da ya bayyana yadda aka gudanar da aikin, ka nemi sanin su wane ne yaran da aka yi binciken a kansu, nawa ne, kuma a ina suke. Masanin halayyar yara Jean Piaget ya gina wani ɓangare na ra'ayinsa game da yadda tunanin yara ke bunƙasa a kan lura da 'ya'yansa uku. A shekarar 2010 kuma, Joseph Henrich da abokan aikinsa sun nuna cewa akasarin binciken halayyar ɗan Adam a kan mutanen ƙasashen Yamma aka yi shi, musamman ɗaliban jami'o'in Amurka. Saboda haka, ka tuna da yaron Sakkwato wanda ke sammakon makarantar allo, yake magana da Hausa ko Fulfulde a gida, sannan a ba shi gwajin kaifin basira da Turanci. Idan ya faɗi, wataƙila Turancinsa aka auna, basirarsa kuwa ba a taɓa ta ba.

Bayan haka, ka kula da cewa ganin abubuwa biyu suna tafiya tare ba ya nufin ɗaya ne ya haddasa ɗayan. Walter Mischel na Jami'ar Stanford ya ajiye wa yara alewa, ya ce wanda ya haƙura bai ci ba za a ƙara masa wata, daga baya aka ga masu haƙurin sun fi ƙoƙari a karatu. Mutane suka ɗauka haƙurin ne sila. Da Tyler Watts da abokansa suka sake duba lamarin a 2018 da yara fiye da 900, suka yi la'akari da halin gidajen da yaran suka fito, sai alaƙar ta ragu sosai. Yaron da ya saba ganin abinci yana ƙarewa a gida yana da hujjar cin abin da ke gabansa.

Idan wani sabon salon koyarwa aka bincika, ka duba ko akwai rukunin da ba a yi wa salon ba don a gwada, kuma ko wasu sun maimaita aikin sun sami irin sakamakon. A 2015 an maimaita bincike 100 na wannan fanni, kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka tabbata. Shahara ma ba hujja ba ce: ra'ayin cewa a koyar da kowane ɗalibi ta salonsa, na gani ko na ji, ya bazu a duniya, amma Harold Pashler da abokansa sun duba shi a 2008 ba su sami gamsasshiyar shaida ba.

Idan binciken na gida ne da aka yi da takardar tambayoyi, ka nemi takardar kanta a ƙarshen kundin, ka karanta tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, ka ga ko ɗalibi zai iya amsa su da gaskiya alhali malaminsa yana tsaye a kansa.