Yadda Baƙo Zai Yi Amfani da Katin Oyster a Jiragen Ƙasan Landan

Duk wanda hidima takan kai shi Landan jefi-jefi, ko don bikin yaye ɗalibai, ko ganin likita, ko ziyarar 'yan'uwa, ba ya kwana biyu a birnin sai ya gane cewa tasi ba abin hawan yau da kullum ba ne, saboda tsada da cunkoson tituna. Jirgin ƙasa shi ne ƙafar mutanen garin, kuma hanyar biyan kuɗinsa da ta fi sauƙi ga baƙo ita ce katin Oyster, wani shuɗin kati mai girman katin banki wanda hukumar sufurin birnin, TfL, ta fito da shi a 2003. Ana loda masa kuɗi kamar yadda ake loda wa waya, sannan a riƙa cire kuɗin kowace tafiya daga ciki. Yana aiki a jirgin ƙarƙashin ƙasa, da bas, da sauran jiragen ƙasa na hukumar, wato DLR da Overground da layin Elizabeth, kuma tun watan Janairun 2010 ake karɓarsa a jiragen kamfanoni da ke bi ta unguwannin birnin a ƙarƙashin tsarin National Rail.

Abu na farko da ya kamata baƙo ya riƙe shi ne cewa katin bai san inda mai shi ya dosa ba. Tikitin takarda yana ɗauke da sunan inda za a sauka tun kafin a hau, shi kuwa Oyster ba ya sanin komai sai abin da aka shaida masa sau biyu, wato lokacin shiga tasha da lokacin fita. Idan ka ɗora shi a kan na'urar nan mai ruwan ɗorawa a bakin shiga, ana riƙe kuɗin tafiya mafi tsada daga cikinsa, idan kuma ka sake ɗora shi a tashar da ka sauka, sai a lissafa ainihin kuɗin tafiyarka a mayar maka da ragowar nan take. Wanda ya shiga da kati bai fita da shi ba, ya bar wa hukumar wancan kuɗin mai yawa. Kusan duk asarar da baƙi suke yi daga nan take tasowa.

Samun katin ba shi da wahala. Ana sayensa a injinan tikiti na tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa, da cibiyoyin baƙi irin na Victoria da King's Cross, da ƙananan shagunan unguwa masu sayar da jaridu waɗanda suka manna alamarsa a ƙofa. Ba a tambayar fasfo ko hoto. Akwai kuɗin katin kansa, wanda tun watan Satumban 2022 ba a mayar da shi, sai kuma abin da ka ga dama ka loda, matuƙar jimillar ba ta wuce fam 90 ba. Wajen lodawa a inji akwai mataki guda da ake yawan tsallakewa: za ka ɗora katin a kan na'urar, ka zaɓi adadin, ka biya, sannan ka sake ɗora katin a karo na biyu, domin sai a wannan ɗorawar ta biyu kuɗin yake shiga. Kada ka bar wurin sai ka ga sabon adadin ya fito a fuskar injin.

Wani zai ce me ya sa ba zai yi amfani da katinsa na banki ba, tun da daga watan Satumban 2014 shingayen tashoshin suna karɓar katin banki da ake ɗorawa ba tare da danna lambobi ba, kuma kuɗin tafiyar babban mutum ɗaya ne da na Oyster. Ga wanda yake da asusu a Birtaniya wannan ya fi sauƙi. Ga wanda ya taho da katin naira ko na sefa kuwa, ina ganin Oyster ya fi kwanciyar hankali, domin ba kowane katin ƙasar waje shingen yake karɓa ba, bankuna sukan ɗora kuɗin canji a kan abin da aka kashe a waje, kuma sukan sanya iyaka a kansa. Ba a bakin shinge da ƙarfe takwas na safe, mutane sun yi layi a bayanka, ya kamata ka gano cewa katinka ba ya aiki ba. Idan dai ka zaɓi katin banki, to ka shiga ka fita da abu ɗaya. Wanda ya shiga da wayarsa ya fita da katin roba, ko da asusun ɗaya ne, na'urar tana ɗaukarsu a matsayin fasinjoji biyu, kowanne da tafiyar da ba a kammala ba. Haka kuma kada ka ɗora walat ɗinka gaba ɗaya a kan na'urar, ka zaro katin da kake nufi shi kaɗai, don kada a cire kuɗin daga wani katin daban.

A manyan tashoshin tsakiyar gari mantuwa ba ta cika faruwa ba, saboda shingen ba ya buɗewa sai an ɗora kati. Matsalar tana tashoshin da babu shinge, kuma suna da yawa: mafi yawan tashoshin DLR haka suke, da ɗimbin ƙananan tashoshin unguwanni na jiragen kamfanoni. A irin waɗannan wurare mutum zai sauko daga jirgi da dare, ya bi ayarin jama'a ya gangara matakala, ya tsinci kansa a bakin titi ba tare da wani abu ya tare shi ba. Na'urar tana nan, amma a tsaye take ita kaɗai a kan wani ɗan ginshiƙi da bai wuce ƙugun mutum ba, a gindin matakala ko kusa da lif, kuma yawancin waɗanda ka biyo sun ɗora katinsu da saurin da ba ka lura ba, wasu kuma tikitin wata ko na takarda gare su. Don haka da zarar ka sauka, kafin ka duba taswirar waya ko ka kira mai masaukinka, ka nemi wannan da'irar mai ruwan ɗorawa da idonka. Ka shimfiɗa katin a kanta, ka jira koriyar fitila da ƙara guda ɗaya. Idan jar fitila ce ta kama, katin bai karantu ba, sai ka sake gwadawa. Wannan ƙa'idar ba ta canzawa ko da ka tarar da shingen a buɗe, kamar yadda akan bar shi a wasu tashoshi idan dare ya yi.

Mantuwa a wajen shiga ta fi ta fita illa. Idan mai duba tikiti ya hau jirgin da na'urarsa ta hannu ya ga katinka bai nuna inda ka shiga ba, a idon doka ba ka da tikiti, ko nawa ne a cikin katin. Tarar da ake ci a jiragen TfL ta kai fam 100 tun watan Maris na 2024, kuma takan ragu zuwa rabi ga wanda ya biya cikin kwana 21. A bas kuwa sau ɗaya kawai ake ɗora kati, lokacin hawa, kuma direba ba ya karɓar tsabar kuɗi tun 2014.

An raba birnin zuwa shiyyoyi masu kama da zobba, shiyya ta 1 ita ce tsakiyar gari, lambobin kuma suna ƙaruwa yayin da ake nisa. Kuɗin tafiya ya danganta da shiyyoyin da aka ratsa da kuma lokacin da aka ɗora kati a bakin shiga. Daga Litinin zuwa Juma'a, tsakanin 6:30 da 9:30 na safe, da kuma tsakanin 4 da 7 na yamma, farashin lokacin cunkoso ake biya. Baƙon da ba ofis zai je ba, idan ya jinkirta fitarsa zuwa bayan tara da rabi, ya rage kuɗi kuma ya fi samun wurin zama. Akwai kuma iyakar kuɗin yini, wadda idan tafiye-tafiyenka suka kai ta, sauran na wannan ranar a cikin shiyyoyin kyauta ne. A farashin da ya fara aiki a watan Maris na 2025, iyakar shiyya ta 1 da ta 2 fam 8.90 ce, kuma yinin yana farawa ne daga 4:30 na asuba zuwa 4:29 na asubar gobe. Ke nan wanda ya yi sallar Juma'a a masallacin Whitechapel, ya wuce Peckham Rye sayen kayan miya, ya dawo masaukinsa a tsakiyar gari, ya sake fita da dare, ba zai biya abin da ya haura wannan adadin ba. Sai dai sharaɗin shi ne a yi duk tafiye-tafiyen da kati ɗaya, kuma kuɗin da aka cire saboda tafiyar da ba a kammala ba, ba ya shiga lissafin iyakar, a kanta ake ɗora shi.

Kuskure na biyu mai tsada shi ne wuce iyakar ƙasar da katin yake aiki. Jirgin da ka hau a Landan da Oyster zai iya ci gaba har garuruwan da ba a karɓarsa, kuma ba za a hana ka hawa ba, sai ka isa can shinge ya ƙi buɗewa. A layin Elizabeth ta yamma, Oyster yana tsayawa ne a West Drayton, alhali jirgin yana kaiwa har Reading. Ba a zuwa Windsor da shi, haka nan filayen jirgin sama na Stansted da Luton. Duk lokacin da za ka fita wajen shiyyoyin, ka duba sunan tashar a taswirar TfL ko ka tambayi ma'aikacin da ke tsaye a shinge kafin ka shiga, idan ba ta ciki ka sayi tikiti.

Heathrow, inda yawancin masu zuwa daga Abuja da Legas suke sauka, yana shiyya ta 6, kuma hanyoyi uku na jirgin ƙasa da suke fita daga cikinsa duk suna karɓar katin. Layin Piccadilly shi ne mafi arha kuma mafi jinkiri, layin Elizabeth da aka buɗe a 2022 ya fi shi tsada amma ya fi faɗi ga mai akwatuna, Heathrow Express kuwa yana kaiwa Paddington cikin minti 15 a farashi mai yawa wanda ba ya shiga iyakar kuɗin yini. Gatwick ma ana zuwa da Oyster tun 2016. Mai kaya ya nemi shinge mai faɗi da ke gefe, domin ƙananan suna saurin rufewa su maƙale akwati.

Kowane babban mutum sai da katinsa. Miji ba zai ɗora kati ya wuce sannan ya miƙa wa matarsa ta baya ba, ko da kuɗin ciki ya ishe su. Yara 'yan ƙasa da shekara 11, har guda huɗu, suna bin babba mai kati kyauta a jirgin ƙarƙashin ƙasa da DLR da Overground da layin Elizabeth a cikin birnin, amma a yawancin jiragen kamfanoni yaro mai shekara 5 zuwa 10 yana buƙatar tikiti. Ga masu shekara 11 zuwa 15, ka je da yaron wurin ma'aikacin tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ka roƙi a sanya wa katinsa rangwamen ƙananan baƙi, wanda yake rage rabin kuɗi har tsawon kwana 14.

A wasu tashoshin sauya jirgi, kamar Stratford da Highbury & Islington da Willesden Junction, za ka ga na'ura mai ruwan hoda a kan dandamali. Aikinta shi ne ta shaida cewa ka zagaye gari ba ka ratsa shiyya ta 1 ba, don a caje ka farashi mai sauƙi. Ba ta maye gurbin mai ruwan ɗorawa a farko ko ƙarshen tafiya.

Akwai wata al'ada tamu mai kyau da wannan tsarin bai san da ita ba, wato rakiya. Wanda ya ɗora katinsa ya shiga tasha don ya raka baƙonsa har bakin jirgi, sannan ya juyo ya fita ta inda ya shiga, za a cire masa kuɗi ko da bai taka jirgi ba. A yi sallama a wajen shinge, kafin a shiga. Haka nan kowace tafiya tana da iyakar lokaci, kuma wanda ya zauna hira a kan dandamali har lokacin ya wuce, ana iya cajarsa kuɗi mafi tsada sau biyu, ɗaya na shigar da ba ta da fita, ɗaya na fitar da ba ta da shiga.

Yana da kyau ka riƙa duba katin kowace yamma a injin tikiti, inda za ka ga ragowar kuɗinka da tafiye-tafiyenka na baya-bayan nan. Idan ka ga an cire abin da ya wuce ƙima, ka nuna wa ma'aikacin tashar, ko ka nemi TfL ta mayar maka cikin makonni 8. Ka kuma adana katin kamar tsabar kuɗi, domin wanda ba a yi wa rajista ba idan ya ɓata, abin da ke ciki ya tafi.

Ranar komawa gida kana da zaɓi biyu. Idan abin da ya rage bai wuce fam 10 ba, injin tikiti a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa zai iya mayar maka da shi, amma daga nan katin ya mutu, kuma zuwa na gaba sai ka sayi sabo. Ga mai sa ran dawowa, ajiye shi ya fi, tun da kuɗin da ke cikinsa ba ya lalacewa komai daɗewa, kuma katin babban mutum wanda kuɗin tafiya kawai aka loda masa ana iya ara wa ɗan'uwa da zai yi tafiyar bayanka. Ka bar abin da zai ishe ka daga Heathrow zuwa masauki a ciki, ka saka shi a jakar da kake ajiye fasfo.