Kurakuran da masu son faifan garmaho suka fi yi wajen yabo ko kushe bugu

Idan masu son faifan garmaho suka haɗu, hirar ba ta wuce tambaya biyu: me kake saurara kwanan nan, kuma yaya bugun yake? Bugu a nan shi ne fitowar faifan daga wata masana'anta a wani lokaci. Tambayar farko kowa zai amsa. A ta biyun ake yawan kuskure, kuma kuskuren ba ya tsayawa kan mai yin sa. Abokinka zai ɗauki maganarka ya zuba kuɗinsa a faifan da ka yaba, ko ya guje wa wanda ka kushe, alhali wataƙila faifan bai yi laifin komai ba.

Babban kuskuren shi ne mutum ya ambaci sunan mawaƙi da sunan kundi ya ce "sautinsa ba daɗi", bai faɗi wane bugu ke hannunsa ba. Kundi guda yakan fito a Amurka da Ingila da Jamus da Japan, a shekaru daban-daban, kuma kowanne da irin sautinsa. Dalilin yana cikin yadda ake yin faifan. Injiniya ne ke ɗaukar sautin daga tef ɗin asali ya yanka shi a kan wani faifai mai laushi. A nan yake yanke shawarar ƙarfin sautin, da yawan kaurin sautin da zai bari, da tazarar da ke tsakanin layukan da allura ke bi. Daga wannan faifan ake fitar da farantin ƙarfe, da shi kuma ake matse roba mai zafi ta zama faifan da muke saya. Farantin yana cinyewa da yawan aiki. Wata ƙasar ma ba tef ɗin asali aka aika mata ba, kwafinsa ne. To ka ga mutum biyu za su iya yin musu kwana da kwanaki a kan kundi guda, kowannensu yana da gaskiya, don ba abu ɗaya suke ji ba.

Gyaran ba wuya. Ɗaga faifan a gaban haske, ka dubi filin nan mai santsi da ke tsakanin waƙar ƙarshe da takardar tsakiya. Za ka ga lambobi da haruffa da aka kankara da hannu ko aka buga da hatimi. Su ne shaidar yankan, wani lokaci har da alamar injiniyan. Masu tara fayafayan kamfanin Blue Note harafan RVG suke nema a wurin, wato injiniya Rudy Van Gelder. Shafin Discogs, wanda aka kafa a 2000, yana jera bugu-bugun kundi tare da waɗannan lambobi. In za ka ba abokinka labarin faifai, haɗa masa da ƙasa da shekara da lambar.

Sai ruɗin nauyi. Takardar da ake mannawa a bango mai cewa giram 180 ta sa mutane da yawa sun biya kuɗi mai yawa a banza. Faifan da aka saba yana tsakanin giram 120 zuwa 140, kuma zurfin layin da allura ke bi a lokacin yanka ake tsayar da shi, kaurin roba ba ya ƙara masa komai. Mai nauyi yana da daɗin riƙewa, yana zama daram a kan na'ura, shi ke nan. Mummunan yanka a kan giram 180 mummunan yanka ne. Abin da ya kamata ka tambaya shi ne wa ya yanka, daga wane tushe, a wace masana'anta aka buga. Akwai waɗanda suka yi suna da tsabtar aiki, irin su Pallas da Optimal a Jamus, RTI a Kalifoniya da QRP a jihar Kansas, ko da yake su ma wani lokaci faifai mai aibu yakan kuɓuce musu.

Haka kuma maganar cewa duk faifan da kwamfuta ta taɓa sautinsa ya lalace. A 2022 aka gano cewa kamfanin Mobile Fidelity ya shafe shekaru yana ratsa sautin ta matakin dijital kafin ya yanka da yawa daga cikin fayafayansa masu tsada, waɗanda masu saye suka ɗauka kai tsaye daga tef suka fito. Maganar ta kai kotu, kuma ɓoye wa mai saye gaskiya laifi ne da ba zan kare ba. Amma abin lura shi ne, kafin asirin ya tonu, waɗannan fayafayan su ne masu kunne suka yi ta yabo. Kunnensu bai yaudare su ba, fayafayan suna da daɗi. Abin da ya faɗi ƙasa shi ne iƙirarin cewa ana iya gane dijital da ji kawai.

Bugun farko ma ba kullum ne ya fi ba. Bayan tashin farashin mai na 1973 masana'antu da dama sun koma narka tsofaffin fayafai suna sake bugawa da su, kuma robar wancan lokacin takan yi surutu tun tana sabuwa, ko da bugun farko ne.

Yanzu ga inda na fi jin takaici: a ɗora wa faifai laifin na'ura. Mutane da yawa suna rage nauyin da allura ke sauka da shi, wai don kada ta ci faifan. Akasin haka ke faruwa. Allurar da ba ta zauna ba tana tsalle a cikin layi tana dukan bangonsa, sautin ya tsage, layin kuma ya ji rauni na har abada. Kowane kamfanin allura yana faɗin nauyin da ya dace: giram 1.8 ga samfurin Ortofon 2M Red, giram 2 ga Audio-Technica VM95E. Sayi ƙaramin sikelin allura ka auna, kada ka yi kintace. Allurar kanta tana tsufa. Wadda ta haura awa dubu tana aiki ta isa canji, kuma wadda ta zo a jikin na'urar gwanjo a canza ta kafin ta taɓa faifan da kake ƙauna.

Wani ƙorafin da ake yawan ji shi ne waƙar ƙarshe a kowane gefe tana tsagewa, don haka bugun ba shi da kyau. Wannan ɗabi'ar faifai ce. Yana juyawa sau 33 da sulusi a minti tun daga farko har ƙarshe, amma a bakin waje layin yana wuce allura da gudun kusan santimita 50 a daƙiƙa, a kusa da tsakiya kuwa kusan 20 kacal. An cusa sauti iri ɗaya a ƙaramin wuri. Saita kan allura daidai da takardar awo, ko sa allura mai siririn baki, yana rage matsalar sosai.

Akwai kuma abin da ya shafe mu a nan kai tsaye. Wutar Najeriya da Nijar da Gana tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60. Tsohuwar na'urar da aka yo gwanjonta daga Amurka, in injinta irin mai bin kaɗawar wuta ne, za ta juya kusan sau 28 maimakon 33 da sulusi, ko da ka sa mata taransifoma mai rage ƙarfin wuta. Muryar mawaƙi ta yi kauri, kiɗa ya yi sanyi, mai ita ya ce bugun ne. Auna gudun da manhajar waya tukuna. In kuma sautin ya fito siriri ba kauri ko kaɗan, duba ko ka jona na'urar a ramin amfilifaya da aka rubuta wa phono. Tun ƙa'idar 1954 ta RIAA, ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, ake rage kauri a ƙara kaifi wajen yanka, kuma wannan ramin ne ke mayar da sautin yadda yake.

Ƙura kuwa, duk wanda ya yi hunturu a Kano ko Damagaram ya san ta. Busasshiyar iska tana sa faifai ya riƙa jan ƙura kamar mayen ƙarfe, sai ka ji ƙas-ƙas ɗin da ake zargin masana'anta da shi. Kada ka yanke wa faifai hukunci kafin ka wanke shi, ko sabo ne. Ruwan da aka tace ta hanyar tururi, ɗigon sabulu marar turare, burushi mai laushi a bi zagayen layi, a bar shi ya bushe a tsaye. Ruwan rijiya yana barin gishiri a cikin layi. Tsofaffin fayafayan iyayenmu masu juyi 78 kuma kada sinadarin sifirit ya kusance su, don yana narka su, kuma allurarsu daban ce, mai faɗin baki. A jera fayafai a tsaye, nesa da taga da bangon da rana ke duka, domin wanda zafin bazara ya lanƙwasa da wuya ya miƙe.

In za ka gwada bugu biyu don ka ba abokai labari, daidaita ƙarar su tukuna. Kunne yana fifita wanda ya fi ƙara ko da bambancin kaɗan ne, kuma injiniyoyi ba sa yanka da ƙarfi ɗaya. Sa waƙa guda a kowanne, a na'ura guda, a zama guda. In da hali, wani ya riƙa canza maka faifan ba tare da ka ga wanne ya ɗora ba, ka faɗi wanda ka zaɓa kafin ya nuna maka bangon.