Shirya kwamfuta da ƙa'idojin rubutu kafin fara aikin manhaja

Duk wanda zai shiga aikin gina manhajar kwamfuta tare da wasu a Bauchi, ko ɗalibi ne a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko mai shago a Wunti, ya fara sanya Git (manhajar da ke adana tarihin gyare-gyaren aiki) da Python 3 (harshen rubuta manhaja) a na'urarsa, sannan ya kwafo ma'ajiyar aikin da umarnin git clone. Daga nan sai ya buɗe keɓaɓɓen muhalli da python -m venv, domin kada kayan wannan aiki su cakuɗe da na wani, kuma idan da Qt (kayan gina tagogi da maɓallan manhaja) za a gina fuskar manhajar, a cikin wannan muhalli zai sanya PySide6, wanda ke ba da damar amfani da Qt a Python.

Wajen rubutu, ƙa'idar PEP 8, wato jagorar salon rubutun Python, ita ce abin bi: tazara 4 a kowane mataki na shigar da layi ciki, kuma kada layi ya wuce haruffa 79.

Abin da ya fi damuna shi ne UTF-8, wato tsarin adana haruffa a kwamfuta. Manhajar da za ta adana sunayen mutanenmu dole ne ta karɓi ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, don haka a gwada ta tun ranar farko da suna irin su Ɗanladi, musamman a Windows, inda buɗe fayil ba tare da rubuta encoding="utf-8" ba yakan sa haruffa masu ƙugiya su lalace.

Tun da wutar lantarki na ɗaukewa ba sallama, a riƙa yin git commit, wato adana gyara a tarihin aikin, bayan kowane ƙaramin gyara, da gajeren bayani, kuma kada kowa ya tura aikinsa zuwa babban reshe, wato ainihin kwafin aikin da kowa ke ginawa a kai, sai wani ya duba.