Darasi na Bakwai: Kamun Kifi da Ƙugiya a Bakin Teku da Mashigar Kogi

Wanda ya saba kamun kifi a tafki ko a kogi, ranar da ya fara tsayawa a bakin teku yakan rasa inda zai jefa ƙugiya. Ga yashi iya ganinsa, ga igiyar ruwa tana zuwa tana fashewa, ko'ina kamar ɗaya. Sai ya tattara ƙarfinsa ya wurga can nesa, a zatonsa kifi yana tsakiyar ruwa. Sau da yawa kuwa kifin da yake nema yana nan kusa da ƙafarsa, ya tsallake shi bai sani ba. Don haka kafin mu taɓa sanda da zare, za mu fara koyon karanta ruwa.

Cika da janyewa

Ruwan teku ba ya zama wuri ɗaya. A yawancin gaɓoɓin duniya yakan cika sau biyu, ya janye sau biyu, cikin awa 24 da minti 50. Tsakanin cika da janyewa akwai awa shida da 'yan mintoci. Wata ne babban mai jan ruwan, rana tana taimaka masa. Shi ya sa a lokacin sabon wata, da lokacin da wata ya cika, ruwa yakan hau sosai ya kuma janye sosai. Idan wata ya yi rabi, hawan da saukar ba su da ƙarfi.

Ga lissafi mai sauƙi. In yau ruwa ya cika da ƙarfe 6:00 na safe, gobe zai cika wajen ƙarfe 6:50. Ka rubuta wannan a littafinka, domin da shi za ka riƙa tsara fitarka.

Ka je ka ga ƙasa tukuna

Shawarata ita ce, zuwanka na farko ka bar ƙugiya a gida. Ka je lokacin da ruwa ya janye ƙarshen janyewa, ka yi tafiya a kan yashin a hankali. Abin da ruwa ya rufe ɗazu yanzu ya fito fili. Za ka ga tudun yashi a kwance, a bayansa kuma wani dogon kwari yana bin gaɓa, da sauran ruwa a cikinsa. Durƙusa ka duba. Ga ƙananan ramukan kaguwa, ga ɗan tulin yashi a murɗe inda tsutsa ta tono, ga ɓawon katantanwar ruwa a tare wuri guda. Nan ne kifi yake zuwa kiwo idan ruwa ya dawo. Ka sa alama da abin da ba ya motsi a kan busasshiyar ƙasa, kamar itace ko dutse, ka ƙirga taku nawa ne daga can zuwa kwarin.

Idan ruwa ya rufe wurin, igiya ce za ta ci gaba da nuna maka. Inda take tashi ta fashe da farin kumfa, ƙasa ba zurfi, tudun yashi ne. Inda ruwa ya yi duhu, igiya ta wuce shiru ba ta fashe ba, akwai zurfi. Ka jefa a gefen kumfar, daidai inda fari ya haɗu da duhu. Igiya tana tono tsutsa da ƙananan kaguwa daga tudu ta zuba su cikin kwari, kifi kuwa yana nan yana jira. Amma yashi yana tafiya: bayan babbar iska kwarin jiya yana iya cikewa, sai ka sake zuwa dubawa.

Mashigar kogi

Inda kogi ya shiga teku, ruwan daɗi da ruwan gishiri suke gamuwa. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35, saboda haka ya fi ruwan kogi nauyi, yakan shige ta ƙasa, na kogi ya bi ta sama. Ƙananan kifaye da jatan lande suna girma a irin wannan wuri. Da ruwa ya fara janyewa sai ya kwaso su ya fito da su ta bakin mashigar, manyan kifaye kuma su tare hanya. Su ma ba sa son wahalar tsakiyar gudu, sun fi laɓewa a gefe inda ruwa ya lafa ko yake juyawa. Can za ka ajiye abincin ƙugiyarka. Asuba da almuru sun fi tsakar rana albarka, musamman in sun zo daidai da motsin ruwa.

Kayan aiki

Sanda mai tsawon mita uku da rabi zuwa huɗu da rabi tana ɗaga zare sama da igiya. Dalmar da ake ɗaurawa a zare don nauyi, mai kusurwa ko mai ƙafafun waya, giram 100 zuwa 170, ita ke kama yashi. Mai zagaye mirginawa take yi har ta dawo gabanka. Ka ƙulla guntun zare mai kauri a gaba, don kada dalma ta tsinke wajen wurgi ta ji wa wani. Abincin ƙugiya ya zama ɗanye, irin wanda ke wurin: tsutsa, jatan lande, kaguwa ko yankan kifi. Bayan ka dawo ka wanke komai da ruwan daɗi, gishiri yana cin ƙarfe. Ƙasashe da yawa suna da doka a kan lasisi da girman kifin da za a ɗauka, sai ka tambaya. Ƙaramin kifi ka jiƙa hannu ka cire masa ƙugiya, ka mayar da shi.

Ranka ya fi kifi

Kada ka juya wa teku baya, ko kana sa abinci a ƙugiya. Kada ka tsaya a tudun yashi ruwa yana cikowa, domin kwarin da ke bayanka ne yake fara cika, kafin ka ankara hanyar komawa ta yanke. Akwai kuma siririn gudun ruwa da yake komawa cikin teku ta tsakanin tudu biyu. Samansa yakan yi lumui har ya ja hankalin mutum, alhali ƙarfinsa yana iya fin na gwanin iyo. In ya ɗauke ka, kada ka yi kokawar komowa kai tsaye. Ka kwanta a kan ruwa, ka ɗaga hannu a gan ka, ka yi iyo ta gefe, kana bin tsawon gaɓa, har ka fita daga cikinsa. Kullum ka gaya wa wani inda za ka da lokacin dawowarka.

Aiki

Ruwa ya cika ranar Litinin da ƙarfe 7:10 na safe. Ƙarfe nawa zai cika da safiyar Laraba? Bayan haka ka zana bakin teku a takarda, ka nuna tudun yashi da kwari da mashigar kogi, ka sa alama a wurare biyu da za ka jefa ƙugiya. A zama na gaba kowa zai faɗi dalilin zaɓinsa.