Darasi na 9: Yadda zaka zaɓi waifa mai kyau wa motarka

Assalamu alaikum iyayena da yayyena 'yan ajin dare. Darasin yau akan wani ɗan abu ne da yawancin mu bama tunawa dashi sai ranar da hadari ya haɗo, wato waifa, robar nan dake share gilashin gaban mota. Larabawa suna ce mata massaha, idan da yawa ne massahat, toh ku riƙe kalmar nan don da ita zaku tambaya a shago. Da yawan mu anan Makka da Jidda tuƙi ne abincin mu, wani direban gida ne, wani yana jigilar 'yan makaranta, wani yana ɗaukar kayan miya da dabbab, wato 'yar ƙaramar a-kori-kura, daga kasuwar Ka'akiyya ta Makka, sannan tunda aka bawa mata izinin tuƙi a 2018 ga Hajiyoyin mu ma sun fara riƙe sitiyari. Hajiya ki ma ji wannan, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara yin rajistar waifa irin ta hannu mace ce, sunanta Mary Anderson, a Amurka a shekarar 1903.

Me yake kashe waifa a ƙasar nan

Mutum zai ce ai ni ban kunna waifata ba sai sau uku a shekara, ya za'ayi ta lalace? Baba rana ce take cinye ta. Roba bata shiri da zafi, kuma kowa ya san zafin Makka lokacin bazara yana wuce digiri 45, gilashin motar da ta yini a rana kuwa ko hannu baka iya ɗorawa, toh akan wannan gilashin robar take kwance tun safe har la'asar kullum, wata da watanni. A hankali sai ta bushe ta yi tauri, bakinta ya tsattsage, wani lokaci ma ta manne da gilashin. Ga ƙura, ga yashi, ga kashin tattabaru wanda duk mai ajiye mota wajen Misfala ko Shara Mansur ya san shi. Shi yasa masu yin waifa suke cewa a canza tsakanin wata 6 zuwa shekara 1, mu kuma da muke cikin wannan rana kar mu wuce shekara ko da ɗigon ruwa bai taɓa ta ba.

Ruwan sama a yankin Jidda da Makka yafi zuwa daga Nuwamba zuwa Janairu, kuma idan yazo da ƙarfinsa yake zuwa. Waɗanda suke nan a 2009 basu manta ranar 25 ga Nuwamba ba, ranar da alhazai suke fita Mina, ruwa ya cinye Jidda mutane sama da 100 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Irin wannan ruwan ba maganar waifa bane, maganar kar ka shiga kwari ko ƙarƙashin gada ne sam. Amma yayyafi ma da muke rainawa yana da nasa haɗarin, don idan ya sauka akan gilashi mai ƙura taɓo yake zama, matacciyar waifa kuma shafe maka taɓon nan zatayi ko'ina har ka daina ganin motar gabanka. Saboda haka watan Oktoba shine watan duba waifa, ku rubuta shi a littafin ku.

Ni na taɓa gani da idona. Wata shekara ina direban gida na ɗauko iyalin kafilina, wato maigidan da nake aiki ƙarƙashinsa, daga Ɗa'if ta hanyar Hada, hazo ya sauko da yayyafi, ga hanyar nan duk kwana ce a jikin dutse, na kunna waifar da na saya da arha a wani ɗan shago wata biyu kafin nan, tafiya uku huɗu sai robar ta rabe tana lilo, ƙarfen yana ƙarta gilashi. Da ƙyar na samu wajen tsayawa, yara a baya sunyi tsit, wallahi har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Tabon da ƙarfen ya yiwa gilashin nan bai taɓa fita ba.

Ka fara gwada wadda kake da ita. Watsa ruwa ka kunna. In tana barin layi layi, ko tana tsalle tana ƙara kamar ana jan takalmin roba a siminti, ko ta bar wani fili bata taɓa ba, toh ka fara goge bakin robar da jiƙaƙƙen tsumma don wani lokacin datti ne kawai. In bata gyaru ba ɗaga ta ka bi bakin da yatsa, in kaji kaushi ko tsaga ta gama aiki.

Awo da karanta lamba

Nan ne nake so mu daɗe, don nan ne karatun da muke koya zai mana rana. Waifa ba tsawo ɗaya take ba, kuma a yawancin motoci ta gefen direba tafi ta gefen fasinja tsawo. Da inci ake auna ta, galibi daga inci 14 zuwa 28. A jikin kwali zakaga lamba da 'yan ɗigon layi biyu a samanta kamar haka 26" ma'ana inci 26. Wani kwalin kuma zai rubuta 650mm, kar ya ruɗa ka abu ɗaya ne, milimita kenan. Inci 1 santimita 2 da rabi ne da ɗan ɗoriya. Ga yadda ake rubuta su: 14 shine 350mm, 16 shine 400mm, 18 shine 450mm, 20 shine 500mm, 22 shine 550mm, 24 shine 600mm, 26 shine 650mm. Kun lura duk ƙarin inci 2 ana ƙara 50.

Sai lambobin Larabci, don mai shago zai iya rubuta maka a takarda da hannunsa ko ya manna a jikin kanta. Anan mutane da yawa suke faɗawa. Shidan Larabawa ٦ kama take da bakwai ɗin boko, sai mutum yaga ١٦ yace 17 alhali 16 ce, yaga ٢٦ yace 27 alhali 26 ce. Biyar ɗinsu ٥ kuma kamar sifili take, sifilinsu ɗigo ne kawai ٠, huɗu ٤ kamar ukun da ya juya baya. Toh ٦٥٠ nawa kenan? 650. Kuma duk da rubutun Larabci daga dama yake farawa, lamba daga hagu ake karanta ta kamar ta boko.

Ta ina zaka san awon motarka? Yana cikin littafin da mota take zuwa dashi in yana nan. In babu, ari tef ɗin tela wajen Hajiya ka auna robar daga wannan baki zuwa wancan, kowacce daban, ka rubuta: direba kaza, fasinja kaza. Wanda yafi sauƙi ma ka tafi da motar har ƙofar shagon a sana'iyya, wato unguwar makanikai da masu kayan mota, a gwada a gabanka. Amma ka sani in motar ta hannu ce ka saya, mai ita na da zai iya sa ba daidai ba, don haka ka faɗawa mai shago sunan motar da shekararta ya duba shima. Kar ka yarda da "ai inci biyu ba komai". In ta yi tsawo zata dinga bugun 'yar uwarta ko ta hau gefen gilashi ta ɗage, in ta gaza kuma zata bar maka wajen da baka gani daidai inda kake buƙata. Mai jif ko ƙaramar mota mai ƙofar baya ya tuna akwai ta gilashin baya ma, ita awonta da mariƙinta daban ne.

Bayan tsawo sai mariƙi, wato inda take maƙalewa a hannun waifa. Toyota da Hyundai da Nissan yawancinsu ƙugiya ce mai lanƙwasa, ita tafi yawa a kasuwa. Motocin Turai da wasu sababbi suna da na latsawa ko mai ƙusa a gefe. Ɗauki hotonsa da waya ka nuna, shikenan.

Wace iri zaka ɗauka

Akwai mai ƙashi, wadda zakaga ƙarafa a bayanta kamar haƙarƙari, ita ce ta da kuma tafi arha. Tana aiki, sai dai yashi yana shiga gaɓoɓinta su ƙage, kuma a Jidda danshin teku yana sa su tsatsa. Akwai mara ƙashi, doguwar roba ce guda mai siririn ƙarfe a ciki da ya lanƙwashe, tana kwanciya sosai a jikin gilashi kuma iska bata cika ɗaga ta ba in kana gudu a babban titi irin na Makka zuwa Madina. Sai ta tsakiya wadda take da ƙashi amma an lulluɓe shi da murfi, motocin Japan da yawa da ita suke fitowa. A ganina duk wanda motarsa take kwana a waje kuma yake doguwar tafiya ya ɗauki mara ƙashi ko ta tsakiyar, tsohuwar mota mai gilashi a miƙe kamar dabbab kuwa mai ƙashi ta ishe ta.

Ita robar kanta akwai ta gama gari akwai ta silikon. Silikon tafi jure rana, tafi tsada kuma. In aljihu zai ɗauka ita nake bada shawara a ƙasar nan. Taɓa ta kafin ka biya, mai kyau tana da laushi, in ka lanƙwasa bakinta ya dawo yadda yake, bakin a miƙe sumul. Kwalin da rana ta ƙoɗe shi ya yi ƙura ka bar musu abinsu, ta tsufa tun a shago.

Mai shago zai tambaye ka: asli ko tijari? Asli ita ce orijina ta wakala, wato dilan kamfanin motar, tijari ta kasuwa ce, kuma a cikin tijari akwai mai kyau akwai banza. Sunaye irin Bosch da Denso da Valeo sanannu ne a wannan harka, amma dai kun san duk abinda yayi suna ana yin jabunsa, toh duba rubutun kwalin da kyau harafi harafi, in farashin ya yi arhar da hankali bazai ɗauka ba ka yi shakka, kuma ka karɓi fatura, wato rasit. Mai waifar asli ta Toyota yana iya tambayar robar kaɗai a zura masa a tsohon ƙashin in ƙashin lafiya lau yake, yafi sauƙin kuɗi.

Mu yi lissafi. Mu ƙaddara wata waifa riyal 15 ce tana wata 3, wata kuma riyal 50 tana shekara. A shekara sau nawa zaka sayi ta farkon? Sau 4. 15 sau 4 ya kama 60. Kunga mai arhar ta ci 60, ɗayar 50, banda kuɗin gilashi in ta ƙarce shi, banda komawa fahas, wato wajen gwajin lafiyar mota, don masu fahas suna duba waifa da ruwanta, kuma ba'a sabunta istimara, wato takardar rajistar mota, sai da takardarsu. Hausawa dama sunce araha bata ado.

Sakawa da kula da ita

Kashe mota, ɗaga hannun waifar, sannan dan Allah shimfiɗa tawul ko kwali akan gilashin kafin ka cire tsohuwar. Hannun nan yana da sifirin mai ƙarfi, in ya suɓuce ba roba a jikinsa zai daki gilashi ya fasa shi nan take, an sha yi. Latsa ɗan harshen dake ƙarƙashin ƙugiyar ka ja ƙasa ta fita, zura sabuwar har kaji ƙas, ja ta kaɗan ka tabbatar ta kama. Wasu sababbin suna zuwa da murfin leda mai launi akan bakin robar, a cire shi. Canza duka biyun lokaci ɗaya. Ka wanke gilashin tas kafin gwajin farko.

Babban laifin da muke yi shine kunna waifa akan busasshiyar ƙura da safe don sauri. Yashin nan kamar sanfefa yake, yana cin robar yana cin gilashin, bayan shekara biyu in fitilar mota ta haska ka da dare sai kaga gilashin duk zane. Kaɗe ƙurar ko ka zuba ruwa da gora tukuna. Tankin ruwan waifa yana cikin bonet, murfinsa yana da hoton gilashi da ruwa yana tsartuwa, kar a haɗa shi da na lagireto. Zuba ruwa mai tsabta da ɗan maganin wanke gilashi da ake sayarwa a mahaɗɗa, wato gidan mai, banda garin sabulun wanki don yana toshe 'yan ramukan da ruwa ke fita. Wasu suna ɗage waifa sama in sun ajiye mota a rana, yana hana ta mannewa amma rana dai tana dukanta, inuwa ko rigar mota sun fi.

Aikin gida

Kowa ya auna waifar motarsa ko ta maƙocinsa, ya rubuta tsawon ta direba da ta fasinja da lambar boko da ta Larabci. Ya rubuta nawa ne ٢٤ da ١٨ da ٥٥٠. Ya ɗauko hoton mariƙinta a waya. Wanda tasa ta riga ta tsage ya ciro ta ya zo da ita aji ranar Talata bayan isha'i, kowa ya taɓa yaji bambancinta da sabuwa, ni zan kawo sabuwar.