Yadda ake haɗa baje kolin zane da kayan fata a Sakkwato

Ni mai zane ne, ina aiki a kan ƙyalle da kuma kan fatar akuya, kuma ban taɓa fito da aikina ni kaɗai ba. Kullum da dukawa, da masu ƙwarya, da masu saƙar faifai muke haɗuwa. In kana da niyyar baje aikinka jama'a su gani a garin nan, ga hanyar da nake bi.

Kafin komai ka dubi wata. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40, ba mai tsayawa cikin ɗaki yana kallon zane gumi na zuba masa. Damina kuwa danshi take kawowa, fata in ta sha danshi sai ta yi fumfuna ta soma wari. Saura hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne lokacinmu. Sai ka duba kada ranarka ta faɗa cikin azumi ko gab da Sallah, don a lokacin baduku ba ya da sukuni, takalma da kayan doki sun sha masa kai. In kuma shekarar za a yi bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro tun 1934, to ka matso da ranarka kusa da shi, saboda da yawa daga cikin baƙin ta Sakkwato suke biyowa.

Hunturu ma da nasa halin. Fentin akirilik kafin ka juya ya bushe maka a faranti, don haka ka ajiye 'yar kwalbar fesa ruwa kusa da hannunka. Fentin mai shi kuma jinkirin bushewa gare shi, ƙura na sauka a kai ta zauna daram. Ka gama duk aikin mai da makonni kafin ranar, ka jingine shi fuskarsa na kallon bango, kada kuma ka yi gaggawar shafa masa banish, wannan sai ya yi kamar wata 6. Wajen kafinta ka nace a kan busasshen katako, ɗanye in iska ta buge shi murɗewa yake yi, firam ya buɗe a kusurwa.

Yanzu ga babban aikin, wato zuwa wurin masu sana'a. Waya ba ta yin wannan. Ka taka da ƙafarka, ka fara da dattijon wurin, ka tuɓe takalmi, ka durƙusa ka ce, “Baba, ina kwana, ina gajiya, ya aiki?” Ranar farko ba ranar kawo buƙata ba ce. Ka zauna inda aka nuna maka ka yi kallo. A gidan jima za ka ga fata tana jiƙe cikin ruwan toka, ka ga an ɗora wata a kan gungume ana kankare gashin da wuƙa mai ƙota biyu, can gefe yaro yana dakan bagaruwa, ita ce za ta jeme fatar ta hana ta ruɓewa. Jan da kake gani a hannun majemi har gwiwar hannu na karan dafi ne, baƙin kuwa kuloko. Wanda ya zauna ya ga wannan wahala da idonsa ba zai sake taya fata da wulaƙanci ba.

A nan ne kuma za ka koyi zaɓen fata. Ka ɗaga ta saitin rana, duk inda wuƙar mai fiɗa ta yi zurfi haske zai nuna maka. Ka naɗe kusurwarta tsakanin yatsu biyu, in fuskar ta tsage to jimar ba ta kama ba. Ka shinshina. Mai kyau ƙamshin bagaruwa da mai take yi, ba ƙarni ba.

Sai a zuwa na gaba ka buɗe magana, ka tafi da aikinka guda ɗaya a hannu, don mai sana'a da aiki yake gane ɗan'uwansa. Wani dattijon baduku da muke hulɗa, in na miƙa masa zane sai ya juya bayan tukuna ya dubi ɗinkin, sannan ya ce, “Wanga aiki naka na, ko an kama maka?” In ya samu kuskure ya nuna da tsinken ɗinki bai ce uffan ba. Irin wannan ido ba ka samunsa a aji. Mata masu faifai da masu zanen ƙwarya galibi a cikin gida suke aikinsu, in kai namiji ne ka aika yayarka ko maiɗakinka, a gaishe da Inna, a yi bayani, a kuma tambaye ta ko ta yarda a rubuta sunanta ko sunan shiyarsu kawai take so. Amsar da ta bayar ita za a bi.

Da an amince, a yi maganar kuɗi a fili gaban kowa, a rubuta a littafi: kayan wane ne, guda nawa, farashin da ba za a sauka ƙasa da shi ba, da kason da za a cire don haya da wuta. Wanda ka sa ya yi sabon aiki domin baje kolin ka ba shi kafin alƙalami, saboda fata da zare da kuɗinsa zai saya. Mu da dare muke wannan zama, bayan isha'i, a kan tabarma ana shan shayi, ana karanta abin da aka rubuta kowa ya ji da kunnensa.

Akwai abin da ba na sassautawa a kansa, shi ne takardar da ake liƙawa gefen kowane aiki. Tun ana keta hamada da raƙuma fatar jar akuyar Sakkwato take fita, ta bi ta Arewacin Afirka ta shiga Turai, masu ɗaure littattafai suna rububinta, amma da sunan Maroko aka san ta can. Masu jimar ba wanda ya ji labarinsu. Bai kamata mu da muke gida mu maimaita musu haka ba. In zanena yana kan fata, takardar takan ɗauki sunan aikin, da shekara, da girmansa, sannan sunana, da na wanda ya jeme, da na wanda ya ɗinke baki. A rubuta da boko, in da hali a ƙara da ajami don dattawan da shi suka fi karantawa. Garin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809, wanda aka san mahaifinsa Shehu da tufkar igiya da hannunsa, ba garin da za a ɓoye sunan mai aikin hannu ba ne.

Wajen zaɓen abin da za a kafa, kada ka kwaso duk abin da ka mallaka. Ka shimfiɗa su a tsakar gida, ka kira abokin sana'a wanda ba ya jin nauyinka ya cire waɗanda ba su kai ba, kai kuma ka daure. Ka san mutanenka: da yawa a nan ba sa rataye hoton mai rai a ɗaki, amma zayyana, da dagi, da zanen soro da ƙofar gari suna karɓuwa hannu biyu. In cikin aikinka akwai aya ko sunan Allah, a kafa shi sama, kada a jingine shi a ƙasa ko na ɗan lokaci, kada kuma a sa shi inda za a juya masa baya ana cire takalmi. Wanda yake neman tsofaffin fasali na zayyana da kayan yaƙi da na doki ya leƙa gidan tarihi na Waziri Junaidu, zai dawo da abin zanawa.

Wuri kuwa, ko ɗakin taron makaranta ne, ko na otal, ko babban zaure, ka je ka gan shi a daidai sa'ar da za a buɗe. Ka lura ta wace taga rana take shigowa, don jan karan dafi koɗewa yake yi in rana ta dinga dukansa. Ka duba wurin alwala da inda za a yi sallah, da hanyar da mata za su shigo ba tare da sun kutsa cikin maza ba. Yawancin masu ɗaki ba sa yarda a buga musu ƙusa a bango, saboda haka ka sa kafinta ya yi maka alluna na falanki masu ƙafa, a shafa musu farin fenti, a danne ƙafafun da buhun yashi.

Kafawa ita ma da ƙa'ida. Ka auna santimita 150 daga ƙasa, ka ja zare daga wannan gefe zuwa wancan, tsakiyar kowane zane ta zauna a kan zaren nan, babba ne ko ƙarami. Mutane sukan daidaita saman firam, sai ɗaki ya yi ta rawa a ido. Ka bar fili tsakanin aiki da aiki, aƙalla kamu ɗaya, zane ma kamar shuka yake, in an cushe shi ba ya yin kyau. Aikin da ka fi ji da shi ka sa shi a bangon da ke fuskantar ƙofa. Tintimi, da gafaka, da alabe, da kube a ɗora su kan ɗan dandamali da aka shimfiɗa wa tabarmar kaba, kada a zube su a ƙasa, in ba haka ba sai a ɗauka kasuwa aka shigo. Tun da ba ka iya hana Bahaushe taɓa fata, ka ajiye ƙyallen fata guda biyu ko uku a bakin ƙofa, ka ce wa kowa ya murza wannan ya more. Fitilu masu caji ka tanada, ka saita su daga sama a karkace don kada gilashi ya yi ƙyalli. Janareta in dole ne a kai shi nesa.

Ɗauko kaya a yi shi da sassafe kafin iska ta tashi. Kowane firam a naɗe shi da tsohon zane, a sa kwali a kusurwoyi, a tsayar da su fuska da fuska cikin agwagwa da buje, kai kuma ka zauna kusa kana riƙe. Kabu-kabu ba ta ɗaukar zane.

Gayyata kashi biyu ce. Matasa WhatsApp da Facebook sun ishe su, sanarwa a gidan rediyon Rima kuma tana kaiwa har ƙauye. Manya kuwa, malamanka, da mai unguwa, da shugabannin masu sana'a, kai za ka kai musu kati hannu da hannu, ka ce, “Ranka ya daɗe, muna roƙon a zo a sa mana albarka.” Ka gayyaci malaman zane na makarantu su zo da ɗalibai da hantsi, lokacin da ba cunkoso.

Ranar buɗewa bayan la'asar ta fi, a buɗe da addu'a, jawabi ya zama gajere, a tashi kafin magariba. Abin da na ga ya fi tsayar da mutane shi ne a ware kusurwa a shimfiɗa buzu, baduku ya zauna da kayan aikinsa yana ɗinki a gaban jama'a. Yara sukan zagaye shi, manya su yi ta tambaya, daga nan kuma ciniki yake tashi. Kai ma ka tsaya kusa da aikinka, wanda ya tambaye ka me wannan yake nufi ka amsa masa da Hausar da zai gane.

Za a taya, wannan ba makawa. In tayin bai kai abin da aka rubuta a littafi ba, ka ce albarka da sakin fuska, musamman in kayan ba naka ba ne. Abin da aka saya a liƙa masa jan ɗigo, a karɓi kuɗi ko a tura ta waya, a rubuta rasit, amma a roƙi mai saye ya bar shi har ranar rufewa don kada bango ya yi giɓi. Mutum ɗaya tak zai riƙe kuɗi da littafi.

Ranar da aka kwashe, a ranar za a zauna a yi lissafi a ba kowa haƙƙinsa, kada a ce sai an huta. Kayan da ba su fita ba kai za ka mayar wa masu su har gida, bayan ka goge ƙurar da busasshen tsumma, fatar kuma ka ɗan shafa mata man gyaɗa kaɗan don kada ta tsage. Waɗanda suka ba da sautun sabon aiki ka rubuta lambarsu da abin da suke so, amma kada ka yanka musu ranar karɓa sai ka koma ka tambayi majemi da baduku yaushe hannunsu zai samu sarari.