Yadda ake matsar da kowane harafi gwargwadon gurbinsa da Python

Ka san dabarar ɓoye saƙo ta Julius Kaisar, shugaban Rum na dā: a matsar da kowane harafi gaba sau 3, a ya koma d, b ya koma e. Wadda zan nuna maka ta ɗan fi ta wayo, domin kowane harafi gurbinsa ne ke faɗin nisan da zai yi. Na farko ba ya motsi, tunda kwamfuta daga 0 take fara ƙirga. Na biyu ya matsa sau 1, na uku sau 2, haka har ƙarshe. Sai "sannu" ta koma "sbpqy". Lura da n guda biyun nan: ɗaya ya zama p, ɗaya ya zama q.

Ita kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. A tsarin ASCII, a shi ne 97, z 122, A kuma 65. `ord()` ke ba ka lambar harafi, `chr()` ta mayar da lamba harafi.

```python
def matsa(rubutu, hanya=1):
    fita = []
    for i, h in enumerate(rubutu):
        if 'a' <= h <= 'z':
            tushe = 97
        elif 'A' <= h <= 'Z':
            tushe = 65
        else:
            fita.append(h)
            continue
        fita.append(chr((ord(h) - tushe + hanya * i) % 26 + tushe))
    return ''.join(fita)
```

Duk aikin yana cikin dogon layin nan na kusa da ƙarshe. Gwada "rayuwa". Harafin y yana gurbi na 2, lambarsa 121. In ka ƙara 2 kai tsaye, ka faɗa 123, wato alamar {, ba harafi ba. Shi ya sa ake fara cire 97, y ya zama 24. A ƙara 2, ya kai 26, sai `% 26` (wato ragowar da ke saura in an raba da 26) ta dawo da shi 0, a sake ɗora 97, ga a. Kalmar ta fito "rbaxaf".

Warwarewa ba ta da wuya, ka ba `hanya` -1 kawai. Python tana ba da 23 a lissafin `-3 % 26`, amma JavaScript -3 za ta miƙo maka. Can sai ka rubuta `((n % 26) + 26) % 26`.

Da gangan na ƙi amfani da `isalpha()`, wadda ke duba ko abu harafi ne. Tana karɓar é da ƙ a matsayin haruffa, alhali lambar ƙ 409 ce, nesa da 97. Lissafin zai mayar da shi wani harafi daban, kuma ba mai iya dawo da shi. Gara a bar su yadda suke.

Tazarar da ke tsakanin kalmomi ma tana cin gurbi a nan. In aikin makaranta ne ko gwajin neman aiki, karanta tambayar da kyau, don wasu masu tambayar, haruffa kaɗai suke so a ƙirga. In haka ne, ka ajiye `enumerate` mai ƙirga gurbi, ka buɗe naka ma'aunin da ba ya ƙaruwa sai an ci karo da harafi.

Kada dai ka ɓoye kalmar sirri da wannan. Duk wanda ya gane tsarin, layi ɗaya ya ishe shi ya kwance.